Kwana biyu a Castleton da iyali: ina za a je, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Sheffield da ke Ingila, kuma maiɗakina da yara biyu da mahaifiyata za su zo mini hutu a watan Yuli. An ba ni shawara in kai su wani ƙauye mai suna Castleton mu kwana biyu. Me ake gani a kewayen wurin, kuma Hajiya da yara za su iya zirga-zirgar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya kawo su lafiya, Ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Wanda ya ba ka shawarar nan ya san ƙasar. Na taka kwarin nan da ƙafata a rani da hunturu, na raka baƙi manya da yara, kuma abin da na fi gani yana ɓata wa mutane tafiya shi ne haɗama: su rubuta wuri goma, su wuni a mota, su dawo da hotuna da gajiya ba su fahimci komai ba. Kwana biyu a Castleton sun isa hawa tsauni ɗaya, shiga kogo ɗaya, leƙa tsohuwar fadar da ke saman gari, sai ziyarar ƙauyen Eyam. In an samu rarar lokaci a ƙara da madatsar ruwa. Sauran a bar wa wani zuwan.

Zuwa ba wuya. Daga Sheffield akwai bas mai lamba 272 da ke kai ka har cikin ƙauyen, tafiyar kusan awa guda. Jirgin ƙasan da ke tsakanin Sheffield da Manchester yana tsayawa a Hope da Edale, amma tashar Hope tana da ɗan nisa da Castleton, tafiyar ƙafa ce ta fi rabin awa, ba ta mai kaya da yara ba. Tunda da Hajiya za ku je, in kana da lasin tuƙi ka ɗauki hayar mota. Za ka ga amfaninta tun safiyar farko.

Ku fara da Mam Tor, kuma ku fara da sassafe. Tsauni ne mai tsayin mita 517 a yammacin ƙauyen. Kada adadin ya tsorata ka, domin akwai wurin ajiye motoci a can sama kusa da wuyan tsaunin, daga nan kuma an shimfiɗa matakala ta dutse har ƙololuwa. Mai ƙarfi minti goma sha biyar ya ishe shi. Dattijuwar da gwiwarta ba ta matsa mata ba za ta kai a hankali, tana hutawa, a ba ta rabin awa kada kowa ya gaggauta ta. Ranar Asabar da Lahadi wurin motocin yana cika tun kafin hantsi, shi ya sa nake cewa a yi sammako, in da hali ma a zaɓi tsakiyar mako.

Dalilin da ya sa nake son ku fara daga sama shi ne daga can ne ƙasar take bayyana kanta. Ka tsaya ka fuskanci gabas, kwarin Hope na shimfiɗe a gabanka, Castleton a tsugune a gindinsa. Ta hannun damanka, wato kudu, ƙasar kore shar ce, an yanyanka ta da katangun fararen duwatsu da aka jera ba siminti ba laka. Ta hannun hagu kuma, bayan kwarin Edale, za ka ga wani doron tsauni baƙi-baƙi mai faɗi, shi ne Kinder Scout. Kudancin nan dutsen farar ƙasa ne, wanda ya samu sama da shekara miliyan 300 da suka wuce lokacin da wurin yake ƙarƙashin teku mai ɗumi, har yanzu ana ganin sawun ƙananan halittun ruwa a jikin duwatsun. Arewacin kuwa dutse ne mai kaushi, irin wanda ake sassaƙa dutsen niƙa da shi. Castleton na zaune daidai inda biyun suka haɗu. Duk abin da za ku gani a kwana biyun nan daga wannan haɗuwa ya fito: ruwan sama yana narkar da farin dutse a hankali, shi ya haƙa kogunan dutse, a tsagogin dutsen aka samu dalma, ita ta kawo mahaƙa, dalmar da dajin farauta su suka sa sarakuna suka gina fada don tsaro.

Shi kansa Mam Tor mutanen wurin suna kiransa tsauni mai rawar ɗari. Jikinsa hawa-hawa ne, falle na dutse mai ƙarfi, falle na busasshiyar laka mai rugurgujewa. In ruwa ya shiga tsakani sai ƙasa ta zame. Fuskarsa ta gabas gaba ɗaya ta zaftare tun dubban shekaru, kuma har gobe tana motsi. A kewayen ƙololuwar za ka lura da wani dogon tudu da rami a gefensa sun zagaye tsaunin. Ganuwa ce ta mutanen da suka zauna a can kusan shekara 3,000 da suka wuce. Ka nuna wa yara, domin in ba a faɗa musu ba za su taka ta su wuce. In iska ta yi daidai kuma za su ga masu tashi da lema suna shawagi a kanku.

Daga ƙololuwa hanya ta miƙe a kan doron tsauni zuwa gabas, ta bi ta Hollins Cross da Back Tor ta ƙare a Lose Hill, tafiyar kamar kilomita uku. A ganina babu tafiyar ƙafa mai sauƙi a Ingila da ta fi wannan biyan mai yin ta, kwari a dama kwari a hagu. Hollins Cross mashiga ce mai tarihi: kafin mutanen Edale su samu ɗakin ibada da maƙabarta nasu a ƙarni na 17, ta nan suke ɗauko gawa a kafaɗa su tsallako don binnewa, daga baya kuma mata da yara 'yan Castleton ta nan suke tsallakawa kullum zuwa aiki a masaƙar auduga ta Edale, da ruwa da ƙanƙara. Shawarata ita ce ku rabu biyu. Masu ƙarfi su bi doron zuwa Hollins Cross su gangara Castleton da ƙafa, mai tuƙi ya koma da Hajiya mota. Gangarar tana da duwatsu da santsi in an yi ruwa, ba ta dace da ita ba.

A gindin tsaunin akwai abin da yara suka fi tunawa, wato karyayyen titi. An gina hanyar a 1819, ta zama babbar hanyar mota tsakanin Sheffield da ɓangaren Manchester, amma a kan zaftarewar nan aka ɗora ta. Shekara da shekaru ana gyara tana tsagewa, har hukuma ta haƙura ta rufe ta a 1979. Yau kwaltar tana nan ta kakkarye kamar an murɗe tabarma, wani wurin ya nutse ya fi tsayin yaro, farin layin tsakiya na nan a jikinta, kuma a bakin karayar kana ƙirga kwalta a kan kwalta na gyare-gyaren da aka yi. Kyauta ne, ana zuwa da mota har bakinta. Kusa da ƙarshenta na ƙasa akwai tsohuwar mahaƙar dalma ta Odin, da wani katon dutse mai kama da taya wanda doki ke ja yana zagayawa yana farfasa ma'adini, an kafa shi a 1823. A kalli bakin ramin daga waje kawai, kada kowa ya shiga.

Tun da aka rufe wancan titi, motoci ta Winnats Pass suke hawa, wani kwazazzabo mai tsayayyun duwatsu hagu da dama. Hanyar matsattsiya ce kuma tudun a tsaye yake, tumaki na yawo a kanta. Ka sa ƙaramin giya wajen gangarowa, kada ka dogara da birki kaɗai.

Kogo huɗu ne ake biya a shiga, kuma ɗaya ya isa. Ga yadda nake zaɓa wa mutane. Speedwell tsohuwar mahaƙar dalma ce ta shekarun 1770 da ruwa ya cika, ana sauka matakala sama da ɗari sannan a shiga kwalekwale a bi wani matsattsen rami kanka na kusa da rufi. Yara suna son sa, amma mai jin ƙunci a matsattsen wuri ko mai ciwon gwiwa ya bar shi. Blue John da Treak Cliff su ne inda ake haƙo wani dutse mai ratsin shuɗi da ruwan ɗorawa da ake kira Blue John, wanda a duk Birtaniya a wannan tudu kaɗai ake samunsa. Na farkon matakalarsa ta haura ɗari biyu, na biyun kuma sai an hau tudu kafin a kai ƙofa, sai dai cikinsa ya fi kyau, da duwatsu masu tsini suna reto daga rufi waɗanda ɗigon ruwa ya gina cikin dubban shekaru. Da Hajiya a tawaga, Peak Cavern zan zaɓa. A cikin ƙauyen yake, ana bin gefen rafi tsakanin tsofaffin gidaje a isa, matakala kaɗan ce, sai wani ɗan wuri da ake sunkuyawa. Bakinsa shi ne bakin kogo mafi girma a Birtaniya, kuma a cikin bakin nan iyalai masu tufka igiya suka gina ɗakuna suka zauna ɗaruruwan shekaru suna yi wa mahaƙan dalma igiya, na ƙarshensu sun tashi ne a farkon ƙarni na 20. Har yanzu kayan aikinsu na nan, mai rakiya yana nuna yadda ake tufkar, kuma ina tsammanin Hajiya za ta gane aikin tun kafin a fassara mata. Cikin kogo sanyi ne ko da rani, bai kai digiri 10 ba, kowa ya riƙe rigar sanyi.

Dutsen Blue John ana sayar da shi a shagunan ƙauyen, zobe da sarƙa da 'yan kunne. Yana da tsada kuma ba shi da ƙwari sosai, yana tsagewa in ya faɗi. Ƙarami ya isa tsaraba.

Fadar Peveril ita ta ba ƙauyen sunansa, domin ma'anar Castleton garin fada. William Peverel, ɗaya daga cikin manyan mutanen William na Nomandi wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya kafa ta, kuma an ambace ta a babban ƙidayar ƙasa ta 1086. Daga baya Sarki Henry na Biyu ya ƙwace ta daga zuriyar Peverel, a nan ya karɓi Sarki Malcolm na Huɗu na Sikotlan a 1157, sannan ya gina hasumiyar da ake hangowa daga ko'ina a 1176. Kango ce yanzu, kada ka sa ran ɗakuna da kayan sarauta. Abin gani shi ne wurin da aka zaɓa: gefe ɗaya ramin bakin Peak Cavern, gefe ɗaya kwazazzabon Cave Dale, maharin da zai zo sai ta fuska ɗaya. Ana biyan kuɗin shiga, hanyar hawa kuma tana lanƙwasa tana tsaye, akwai bencina a hanya. In Hajiya ta riga ta hau Mam Tor da safe, a bar ta ta huta a gari. Da yamma ku shiga Cave Dale ta wata 'yar siririyar mashiga a bayan gidaje, ku yi tafiyar minti goma ku waiwayo. Daga nan ne hasumiyar ta fi kyau, a tsaye a bakin dutse kamar za ta faɗo.

Akwai abin da nake so ka bayyana wa iyalinka, domin baƙo daga gida yakan ji nauyin ratsa gonar mutane. Za ku riƙa ganin alamar katako an rubuta Public Footpath tana nuna cikin makiyaya mai shinge. Ku shiga, doka ta ba ku. Abin ya yi kama da burtali a wajenmu: ƙasar ta mai gona ce, amma hanyar ta jama'a ce, ba shi da ikon toshe ta. Kan tsaunuka kuwa sai da aka sha gwagwarmaya. A da masu ƙasa sun killace su don farautar tsuntsaye, masu gadi na korar talaka da sanda. Ranar 24 ga Afrilu 1932 wasu ɗaruruwan matasa, yawancinsu ma'aikatan masana'antun Manchester, ƙarƙashin jagorancin Benny Rothman, suka hau Kinder Scout da gangan ba izini, suka haɗu da 'yan'uwansu na Sheffield a sama. Aka ɗaure biyar daga cikinsu. Lamarin ya tayar da jama'a, bayan 'yan makonni dubbai suka yi gangami a Winnats Pass ɗin nan da za ku bi. A 1949 aka yi dokar gandun shaƙatawa na ƙasa, a 1951 wannan yanki na Peak District ya zama na farko, sai a shekarar 2000 aka yi dokar da ta buɗe tsaunuka da dazuzzukan da ba a nomawa ga mai tafiya da ƙafa. Hakkin yana tafe da ladabinsa. Ƙyauren da ka tarar a rufe ka rufe shi bayanka, kada yara su hau katangar dutse domin rushewa take, kada a kori tumaki, a kauce wa saniya mai ɗan maraƙi, a kwashe shara, kuma kada a hura wuta ko gasa nama a fili, domin ƙasar kan tsaunin tana cin wuta ta ƙarƙashi in ta bushe.

Rana ta biyu ku tafi Eyam, ana furta shi Iim, tafiyar kamar minti ashirin da biyar a mota. Wannan ne wurin da na fi so ka kai Hajiya, kuma kusan duk a shimfiɗe yake. A ƙarshen bazarar 1665, lokacin da annoba ke cin Landan, aka aiko wa telan ƙauyen ƙunshin yadi daga can, da ƙuma a ciki. Mataimakinsa George Viccars ya buɗe ya shanya, cikin 'yan kwanaki ya mutu, a watan Satumba. Cutar ta lafa da hunturu, ta dawo da ƙarfi da zafi ya shigo. Mutane suka fara shirin gudu zuwa Sheffield da garuruwan kusa. Sai limamin cocin, William Mompesson, da wani tsohon limamin cocin, Thomas Stanley, mutum biyu da ba sa ga maciji a kan aƙida, suka haɗa kai suka roƙi jama'a a rufe ƙauyen, ba shiga ba fita, don kada a kai wa maƙwabta. Jama'a suka yarda, sun san abin da hakan ke nufi. Aka daina taruwa cikin coci aka koma fili, kowane gida ya binne mamacinsa da kansa. Mai sarautar Devonshire da ƙauyukan kewaye suna ajiye abinci a kan iyaka, mutanen Eyam suna barin kuɗi a cikin ramukan da aka huda a jikin wani dutse, an zuba ruwan khal a ciki da niyyar kashe cutar. Dutsen na nan da ramukansa, kuna iya sa yatsa. Cikin wata goma sha huɗu mutum kimanin 260 suka mutu, har da Catherine matar Mompesson, wadda kabarinta ke harabar cocin. A wajen gari, cikin wata gona, akwai kaburburan Riley, inda Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas a watan Agusta 1666, ita kaɗai take jan su zuwa rami.

Duk lokacin da na tsaya a wurin nan sai hadisin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya faɗo mini, wanda ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudu. Mun karanta shi tun muna yara, amma a Eyam mutum yake ganin nauyinsa da ido, domin a ƙofar gidajen an kafa alluna da sunayen waɗanda suka mutu a kowane gida da ranakun mutuwarsu. Gidajen da mutane a ciki har yau, saboda haka a tsaya daga bakin hanya, a sassauta murya. Akwai ɗan gidan tarihi da ya tsara labarin, ku fara da shi. A harabar cocin kuma akwai wani sassaƙaƙƙen dutse da ya haura shekara dubu.

In rana ta rage, ku biya ta madatsar Ladybower a hanyar komawa Sheffield. An gina ta tsakanin 1935 da 1943, ruwanta ya haɗiye ƙauyuka biyu, Derwent da Ashopton, kuma in an yi fari sosai, kamar a 2018, kangon Derwent yakan fito. Kusa da bangon akwai manyan ramuka biyu masu kama da mazurari da ke shanye ruwa in ya cika, sai dai a Yuli da wuya ku tarar suna aiki. Can sama kaɗan madatsar Derwent ce mai hasumiya biyu, inda matuƙan jiragen yaƙin Birtaniya suka yi atisaye a 1943 kafin su kai hari kan madatsun Jamus. Hanyar bakin ruwa a shimfiɗe take. Katafaren gidan Chatsworth yana kusa, za a ce maka kada ka rasa shi, amma wuni guda yake ci da kuɗi mai kauri. Ka ware masa ranarsa daban.

Yulin Ingila ba abin yarda ba ne. Ana iya fita da rana tsaka a gari a tarar da iska mai sanyi da yayyafi a kan tsauni. Kowa ya samu rigar ruwa da takalmi sau-ciki mai kama ƙasa. Lema ba ta aiki a sama, iska ce ke karya ta. Ga mata, doguwar riga mai jan ƙasa tana da haɗari a matakala, gara wadda ta tsaya a idon sawu da wando a ciki, a kuma ɗaure mayafi da kyau. In hazo ya rufe ƙololuwar Mam Tor, ku sauya tsari ku shiga kogo da safe ku hau da yamma, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare. Sadarwar waya tana ɗaukewa a cikin kwaruruka, ka sauke taswira a wayarka tun daga gida. In wani ya ji rauni a kan tsauni, ka kira 999 ka nemi 'yan sanda, ka ce musu masu ceto na tsauni kake so. 'Yan sa-kai ne, kuma ba a biya.

Babu masallaci a kwarin, naman halal ma da wuya. Ku yi guzuri daga Sheffield, dambun nama da soyayyen kaza da shayi a fulas sun fi komai daɗi a kan dutse. Akwai shagunan shayi da na kifi da dankali, sai dai ka tambaya da wane mai ake suya, domin wasu da kitsen dabba suke yi, wasu kuma suna kwaɓa fulawar kifin da giya. Tambayar ba ta ba su mamaki, sun saba. Ku riƙe sallaya da gorar ruwan alwala. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take, ta ɗan fi karkata gabas. Na sha yin Azahar a gefen hanyar doron tsaunin, masu wucewa su kauce su ba ni wuri. Ku dai duba ciyawar kafin ku shimfiɗa, makiyayar tumaki ce.

Masauki kuwa ka kama tun yanzu, domin makarantun Ingila suna tafiya dogon hutu a ƙarshen Yuli kuma ƙauyen ƙarami ne, mazaunansa ba su kai dubu ba. Yawancin ɗakunan haya a saman mashaya suke ko a tsofaffin gidaje masu matsattsiyar matakala. Ga iyali irin naka gara ka kama gida sukutum mai kicin, a Castleton ko a Hope, ka tambaya tun a waya ko akwai ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa saboda Hajiya.